Idan Jinya Ta Yi Nisa: Yadda Za a Ji Maganar Likita Daidai Kafin a Yanke Hukunci

Da hantsi likitoci ke zagayen ɗakunan majinyata a manyan asibitocinmu. Babban likita ya tsaya a ƙafar gado, ƙananan likitoci da ɗalibai a bayansa, a buɗe fayil, a yi minti uku ko huɗu ana magana da Turanci a kan mutumin da ke kwance yana bin bakinsu da ido. A Nijar kuwa da Faransanci za a yi. Kafin su wuce sai ɗayansu ya juyo ya ce, "Baba, ya jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi." Mai jinya ya bi su da sauri har bakin ƙofa: "Likita, ya ake ciki?" A ce masa, "Muna iya bakin ƙoƙarinmu, ku ci gaba da addu'a." Ya dawo ya gyara wa Baba mayafi ya ce, "Sun ce ana samun ci gaba." A cikin fayil ɗin kuwa an rubuta cewa ciwon daji ya kai hanta, tiyata ba za ta yi amfani ba.

Babu wanda ya yi niyyar ƙarya a nan. Likita ya sassauta magana don tausayi, ɗa ya ƙara sassautawa don kara da kawaici, shi kuma Baba ya ce da sauƙi don haka aka saba amsawa. Amma sakamakon yana da nauyi. Ana sayar da gona a biya maganin da ba zai warkar ba. Mutum yana rasuwa bai biya bashi ba, bai yi wasiyya ba, bai nemi gafarar wanda yake so ya nema ba, domin ba wanda ya gaya masa lokaci ya ƙure. Wani kuma a ɗauke shi a kai gida yana murƙususun ciwo ba tare da ko ƙwayar maganin raɗaɗi ba, saboda abin da iyali suka ji kawai shi ne "ku koma gida".

Hukuncin na mai jikin ne

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowacce da haɗarinta da kuɗinta, da kuma cewa yana da damar ƙin karɓa. Sashen ya ƙara da cewa, inda hakan zai yiwu, a yi bayanin da harshen da majinyacin yake ji, daidai da iliminsa. Dokar ta bar ƙofa ɗaya ta ɓoye masa halinsa, wato idan akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanin zai cutar da shi, kuma "zai karaya" kawai ba ta kai hujja ba. Tun 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar likita Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai cikakken hankali yana iya ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Wannan ya haɗa da matar aure. Shawarar miji da ta 'ya'ya tana da daraja, amma yardar da ake nema tata ce.

Cikakken hankali a nan abu huɗu ake dubawa: ya fahimci bayanin, ya gane cewa shi ya shafa, ya iya auna zaɓi ɗaya da wani, ya kuma iya faɗin abin da ya zaɓa, ko da da alama ne. Tsufa ba ya cire wannan, rashin karatun boko ma haka. Mai ruɗewa da dare yakan dawo garau da safe, don haka a nemi lokacin da ya fi wartsakewa a yi maganar.

Akwai kuma wanda ba ya son ji, shi ma haƙƙinsa ne. Hanyar ganewa ita ce a tambaye shi tun kafin a faɗi komai: "Inna, sakamakon gwajin ya fito. Kina so likita ya yi miki bayani da bakinsa, ko ki wakilta ɗayanmu ya ji ya tsaya miki?" Idan ta ce a gaya wa babban ɗanta, ta yi zaɓi, kuma a roƙi likita ya rubuta sunan wakilin a fayil. Abin da bai kamata ba shi ne iyali su haɗa baki a bayan idonta. Galibin masu doguwar jinya sun riga sun ji a jikinsu, shirun mutanen gida sai ya bar su su kaɗai da abin da suka sani.

Kalmomin da suke ruɗar da mutane

Babbar matsalar tana cikin kalmarmu ta "magani". Idan aka ce wa Bahaushe ciwo yana da magani, abin da ya ji shi ne za a warke. A asibiti kuwa magani kashi uku ne: na warkarwa, na rage wa ciwo gudu, da na rage wahala. Allurar ciwon daji tana iya zama kowanne daga cikin ukun, gwargwadon inda ciwon ya kai. Ko a Amurka, inda likita da majinyaci suke harshe ɗaya, wani bincike da aka wallafa a 2012 ya gano cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon dajin huhu da ya bazu, da kashi 81 na masu na hanji, ba su fahimci cewa allurar da ake musu ba za ta warkar da su ba. To ina ga inda sai an bi ta bakin tafinta? Saboda haka duk lokacin da aka kawo sabon magani, tambayar farko ita ce: "Likita, wannan na warkarwa ne, ko na rage gudun ciwon, ko na sauƙaƙa masa?"

Kalmar "stable" ita ce aka fi fassarawa da "da sauƙi", kuma kuskure ne. Ma'anarta ba a samu canji ba daga jiya zuwa yau. Mutum yana iya kasancewa a sume, injin numfashi na riƙe da shi, a ce masa haka. Idan an ji ta, a tambaya: "Bai canza ba daga wane hali?" Haka "yana karɓar magani" takan nufi cewa wata lamba a gwajin jini ta gyaru, ko ƙarin ya ɗan motse, alhali ciwon yana nan. Idan aka ji "poor prognosis", likita yana nufin ba ya sa ran tashi. Wannan ita ce jimlar da aka fi bari a Turanci ba a fassara ba.

Sai "babu abin da za mu iya yi". Wannan magana kusan kullum ba daidai ba ce, kuma a wurinmu tana da wata illa ta daban: tana isa gida a matsayin "likita ya ce ba na asibiti ba ne", daga nan sai a shiga zargin sammu da iska, a fara yawo da mai rauni daga wannan gari zuwa wancan. Abin da likita yake nufi shi ne ba za a iya warkar da ciwon ba. Rage raɗaɗi, da tsayar da amai, da sauƙaƙa numfashi, da wanke gyambo, duk suna nan kuma aikin asibiti ne. Wannan reshe na aikin likita shi suke kira "palliative", wato kulawar sauƙaƙawa, kuma Babban Taron Lafiya na Duniya a 2014 ya nemi ƙasashe su saka shi cikin tsarin lafiyarsu. Mutane suna tsoron sunan, suna ganin sallama ce. A wani bincike na 2010 a birnin Boston kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu, waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun da wuri sun fi samun walwala, kuma matsakaicin abin da suka rayu wata 11.6 ne, ɗaya rukunin kuwa wata 8.9.

Tambayar da ta fi kowacce ɗaure iyali ita ce, "Kuna so mu yi masa duk abin da za mu iya?" Wane ɗa ne zai ce a'a a kan mahaifinsa? Tambayar ta riga ta ƙunshi amsarta. Kada a amsa ta yadda ta zo. A mayar da ita: "Mene ne duk abin, ɗaya bayan ɗaya? Wanne ne kake ganin zai amfane shi, wanne zai ƙara masa wahala kawai?" Haka lambobi ma. "Casa'in cikin ɗari suna tashi" da "goma cikin ɗari suna mutuwa" abu ɗaya ne, amma tun 1982 bincike ya nuna cewa mutane, har da likitoci kansu, suna canza zaɓi gwargwadon wadda aka faɗa musu. A nemi a ji ta fuska biyu, kuma a ƙidayar mutane: cikin mutum goma masu irin halin Baba, nawa suke komawa gida da ƙafarsu?

Farfaɗo da zuciya da cire inji

A nan ya kamata a tsaya, domin nan ne kalma ta fi rufe abin da ke faruwa. "Farfaɗowa" kalma ce mai daɗin ji, kamar a yayyafa wa wanda ya suma ruwa. Ga abin da ake yi idan zuciya ta tsaya. A fitar da iyali, a ja labule, a kwantar da gadon, mutum ya ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirji yana dannawa da nauyin jikinsa, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ana karɓa-karɓa saboda gajiya. Wani yana tura iska, a zura bututu ta maƙogwaro, a yi allurai, wani lokaci a buga wutar lantarki. Haƙarƙari yakan karye, musamman na tsofaffi. Ko a ƙasashen da ke da cikakkun kayan aiki, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ne na waɗanda zuciyarsu ta tsaya a asibiti suke fita da rai. Ga saurayin da wuta ta ja, ko wanda zuciyarsa ta rikice kwatsam, wannan aiki ceton rai ne kuma dole a yi shi. Ga wanda ciwon daji ya cinye, ko gaɓoɓinsa suka daina aiki ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya yi amfani, kuma abin da ya rasa a wannan lokacin shi ne ɗansa a kusa da kunnensa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Haruffan DNR da ake rubutawa a fayil suna nufin abu guda: idan zuciya ta tsaya kada a yi wannan dannar. Ba su hana ƙarin ruwa, ko oksijin, ko maganin ƙwayoyin cuta, ko maganin raɗaɗi, ko abinci. Idan nas ta rage kulawa saboda su, an yi kuskure, a kai maganar ga babban likita. Yadda aka kira abin ma yana tasiri. A wani gwaji a Amurka a 2013, da aka ce wa wakilan majinyata "kada a farfaɗo", kashi 61 sun zaɓi a danna ƙirji, da aka ce "a bar ajali ya zo yadda yake" sai suka koma kashi 49. Duka biyun suna ja zuwa wani gefe. Abin da ya fi shi ne a nemi likita ya kwatanta aikin filla-filla.

Masu tsoron cewa cire inji kisa ne su sani malamai sun daɗe da duba batun. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urorin idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987 ta yarda da cirewar, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, a fatawa mai lamba 12086, ya ce babu buƙatar farfaɗowa idan ƙwararrun likitoci amintattu uku sun tabbatar ba za ta yi amfani ba. Ba da wani abu da nufin gaggauta mutuwa kuwa haramun ne, kuma laifi ne a dokar Najeriya. Idan za a tambayi malami ko fasto, a je masa da ainihin bayanin likita, don amsar da zai bayar ta dogara ne da yadda aka kai masa tambayar.

Yadda za a shirya zama da likita

Bakin ƙofa da tsakiyar zagaye ba wurin wannan magana ba ne. A gaya wa nas mai kula da ɗakin cewa iyali suna neman zama na minti 20 zuwa 30 da babban likitan da sunansa ke kan fayil, ko mai bi masa. Ƙaramin likita mai sanin makamar aiki sau da yawa ba shi da ikon faɗin makoma, shi ya sa amsarsa take zuwa a dunƙule. Mutum biyu ko uku sun isa, kuma majinyacin ya kasance a ciki idan ya so. Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya rubuta. Yawan masu zuwa ɗaiɗai suna tambaya shi ke haifar da labari iri biyar a gida ɗaya.

Idan likitan ba ya jin Hausa, zaɓen tafinta shi ne rabin aikin. Kada a sa yaro, kada a sa mai jinyar gadon kusa, kuma ɗan majinyaci ma ba shi ne ya fi dacewa ba, domin bakinsa ba zai iya furta wa mahaifiyarsa abin da ya ji ba. A nemi nas ko wani likita mai jin harsunan biyu, a roƙe shi a fili: "Don Allah ka faɗa yadda ya faɗa, kada ka rage mana." Alamar an rage ita ce likita ya yi magana mai tsawo tafinta ya ce kalma uku.

Bayan sunan ciwon da inda ya kai, a tambayi mafi kyawun abin da zai iya faruwa, da mafi muni, da wanda likitan ya fi zato. Idan aka tambayi lokacin da ya rage, likitocinmu sukan ce "rai a hannun Allah yake", kuma gaskiya ne. Sai a ce: "Haka ne likita, ba ranar muke tambaya ba. A abin da ka saba gani, kwanaki ake magana, ko makonni, ko watanni? Akwai 'ya'yansa a nesa, mu kira su yanzu?" Wannan tambaya ta ƙarshe likitoci suna amsa ta kai tsaye fiye da kowacce.

A tambayi kuɗi gaba ɗayansa, har ƙarshe. Wankin ƙoda misali ne: ga wanda ƙodarsa ta mutu ɗungurungum, ana yinsa sau biyu ko uku kowane mako, kusan awa huɗu kowane zama, har iyakar rayuwa ko a samu dashe. Ga wanda ƙodarsa ta tsaya na ɗan lokaci saboda zubar jini ko zazzaɓi mai tsanani, zama kaɗan yana iya isa ta farfaɗo. Kalmar "wanki" ɗaya ce a duka biyun, don haka a tabbatar wanne ne. Idan likita kansa bai tabbata magani zai yi aiki ba, a nemi gwaji mai wa'adi: a sa injin ko a yi wankin na kwana uku ko biyar, a faɗi tun yanzu alamomin da za a duba, a sa ranar sake zama. Wannan yana hana a wayi gari an yi wata guda ana biya ba wanda ya san me ake jira.

Kafin a tashi, mai tambaya ya maimaita abin da ya fahimta da kalmominsa: "Abin da na ji shi ne ciwon ba zai warke ba, allurar za ta iya rage gudunsa, kuma watanni ake zato. Haka ne?" A nan ake kama kuskure. Sannan a juya ga mai jikin, a yi masa tambayar da aka fi mantawa: "Baba, me ya fi maka muhimmanci yanzu?" A ba shi lokaci, kada a cike shirun da "za ka tashi insha Allahu". Wani zai ce a ci gaba da magani har ƙarshe, wani ya ce a kai shi ɗakinsa, wani ya ce yana so ya ga auren 'yarsa. Daga amsarsa likita zai san abin da zai ba da shawara. Idan ya riga ya fita hayyacinsa, tambayar da wakili zai amsa ita ce me Baba zai ce da yana ji, bisa abin da aka san shi da shi.

Sa hannu da komawa gida

Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar yarda sai an karanta ta an fassara: sunan aikin, dalilinsa, haɗarinsa, da abin da zai faru idan ba a yi ba. Yardar da aka bayar ana iya janye ta kafin a fara.

Takardar DAMA, wato sallama ba da yardar likita ba, ita ce inda iyalai da yawa suke cutuwa. Idan kuɗi ya ƙare ko an ga ba ci gaba, sai a sa hannu a fita cikin fushi, ba magani, ba takarda, ana jin kunyar dawowa. Idan manufar ita ce mutum ya ƙarasa kwanakinsa a gida, a faɗa wa likita haka, a nemi sallama mai tsari. A karɓi taƙaitaccen bayanin ciwon a rubuce, da ranar dawowa asibiti, da inda za a je idan abu ya rikice da dare, da maganin raɗaɗin da zai kai har ranar.

Ga ciwo mai tsanani, maganin shi ne mofin na sha. Barnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasa, har aka hana shigo da maganin tari mai kodin Najeriya a 2018, ta sa iyalai suna gudunsa, wasu kuma suna cewa shi ke ƙarasa mutum. Idan likita ya tsara shi daidai da ciwon, ba ya gaggauta ajali. Akan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu, a ƙara a hankali, kuma a bi agogo, kada a jira sai ciwon ya dawo. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa ko an canza. Jiri da tashin zuciya na kwanakin farko sukan wuce, amma taurin bayan gida ba ya wucewa, don haka a karɓi maganin da ke tausasa bayan gida tare da shi. A kulle kwalbar inda yara da matasa ba za su kai ba.

A roƙi nas ta nuna yadda ake juya majinyaci duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya. A kwanakin ƙarshe cin abinci yana raguwa, barci ya yawaita, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro. Ɗura kunu ko ruwa ga wanda ba ya iya haɗiya yana tura shi cikin huhu ya shaƙe shi. A jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a riƙa shafa masa a leɓe da harshe, a kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga kansa, a ci gaba da yi masa magana a kusa da kunne da murya ƙasa-ƙasa.